Hoto na Goma Sha Bakwai

Shekara talatin da ɗaya na yi a gidan waya na Tawa
ina karanta sunayen mutane a bayan ambulan.
Ko rubutu ya karkace, ko ruwa ya taɓa tawada,
ban taɓa mayar da wasiƙa don karatu ya gagare ni ba.
Yau ga ni da tabarau biyu a kan hanci,
tsuntsun da bai fi tafin hannu ba ya hana ni barci.

Ran Lahadi muka je Tabalak, ni da jikata Zulaha,
ita ke riƙe da salula, ni ke cewa ɗauka, ɗauka.
Hoto arba'in muka kawo gida.
Tara ruwa ne zalla.
Shida reshen bagaruwa ne, mai shi ya riga ya tashi.
Ɗaya babban yatsan Zulaha.

Sauran ba su ba ni wuya ba.
Balbela, wa bai san ta ba?
Zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran biyan bashi.
Kirinjijiya garke guda, fuska fari fat.
Zakaran kekuwa, ɗan tsegumi,
wanda ya shelanta wa tabki duka zuwanmu.

Sai na goma sha bakwai.

Yana bakin laka, ya ba mu rabin baya.
Gira fara, baki siriri,
baya ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo
kamar an watsa masa gero bai kakkaɓe ba.
Na buɗe hoton da yatsu biyu,
na ƙara buɗewa,
har tsuntsun ya watse ya koma hazo.

Littafin da na saya a Yamai wurin masu tsofaffin takardu
gara ta ci masa shafi shida,
kuma daidai wurin masu dogayen ƙafafu ta ci.
Abin da ta rage mini 'yan'uwa biyu ne masu kama:
wannan ƙafarsa kore, wancan rawaya-rawaya.
Nawa kuwa ya sa safar laka har gwiwa.

Na kai wa Tankari mai albasa,
shi da ya tsufa a bakin fadama.
Ya riƙe salula nesa da ido, ya daɗe.
"Wanga baƙon ɗari ne," in ji shi.
"Shina zuwa in an dasa, shi tafi kahin a ɗebe."
Na ce sunansa nake nema.
Ya ce, "Kai ma ba ka faɗa mai naka ba."

Da dare Zulaha ta ce, "Kaka, duba, zobe!"
Can sama da laka, a ƙafar hagu,
wani abu na ƙyalli, ƙanƙani kamar ƙwayar ridi.
Ashe wani ya taɓa riƙe shi a hannu
a ƙasar da ban san sanyinta ba,
ya ji zuciyarsa na bugawa tsakanin yatsu,
ya rubuta lamba, ya sake shi.
Wasiƙa ce ke nan, ta ƙetare teku da Sahara,
ta iso gaban tsohon ma'aikacin gidan waya,
ga adireshi a jiki,
na kasa karantawa.
Ina ganin kamar huɗu. Zulaha ta ce karce ne.

Lahadin da ta biyo muka koma tun asuba.
Ruwa ya ja baya taku goma,
laka ta fara tsagewa.
Balbela na nan. Ɗan tsegumi na nan.
Inda ya tsaya sai sawu, yatsu uku uku,
jere kamar hatimin da na buga shekara talatin.

A kundina na rubuta rana, na rubuta wuri,
gira fara, zobe a hagu.
Gurbin suna na bar shi fili,
na ce wa Zulaha kada ta goge hoton,
ko da salula ta cika.
Na yatsan nata ma ta bar mini.